Zaɓen Layin Waya a Arewacin Nijeriya: Ƙarfin Sabis, Kula da Mai Hulɗa da Iyakar 'Yancin Zaɓi

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci ma'aunan da suka cancanci mai waya a arewacin Nijeriya ya dogara da su wajen zaɓen kamfanin sadarwa, inda ta mayar da hankali ga abubuwa biyu da jama'a suka fi kokawa a kansu, wato ƙarfin sabis da irin kulawar da mai layi yake samu idan matsala ta same shi. Matsayar takardar ita ce, tambayar da aka saba yi ta wane layi ne ya fi kyau a ƙasa baki ɗaya tambaya ce marar amsa, domin sabis abu ne da yake bin unguwa da ƙauye da hanya, ita kuwa kulawa tana bin harshen mutum da nisansa daga ofis. Saboda haka wurin zaman mutum da sana'arsa su ne ya kamata su zama mizani.

Gabatarwa

A bakin jama'a, kalmar layi tana nufin lambar waya tare da ɗan katin sim da ake sa wa a cikin wayar, sannan a wani lokaci tana nufin kamfanin da ya bayar da lambar, kamar yadda ake cewa wane layin MTN yake riƙe da shi. Ita kuwa kalmar sabis, ko netwok, tana nufin isowar siginar kamfani ga waya har ta iya kira, ta karɓi saƙo, ko ta hau intanet. A wannan takarda an yi amfani da kalmomin biyu da ma'anar da jama'a suka san su da ita, sannan an kira wanda yake biyan kuɗi don amfani da layi da sunan mai hulɗa.

Abin da ya sa batun ya cancanci nazari shi ne, lambar waya ta daina zama hanyar gaisawa da 'yan uwa kawai. Tun daga watan Disamba na 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, layi ya koma wani ɓangare na shaidar mutum: da shi banki yake tura alat da lambobin sirri, da shi ɗalibi yake fara rajistar jarrabawar JAMB, da shi mai POS yake cin abinci, kuma da shi ɗan kasuwar hatsi a Dawanau yake sanin farashin da kaya suka kwana a kai a kasuwannin ƙauye. Ƙarancin takardun naira da aka sha fama da shi a farkon 2023 ya fito da wannan gaskiya fili, domin a waɗancan makonni wanda sabis ya yanke masa, ko da yana da kuɗi a asusu, bai iya sayen ko da mudun shinkafa ba.

Yadda kasuwar ta kai inda take

Kafin shekarar 2001, layukan wayar tarho da ke aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan ɗari, kuma kusan dukkansu suna hannun kamfanin gwamnati na NITEL. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, a ƙarƙashin shugabancin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A waɗancan shekaru ana sayen layi da dubban nairori, ana kuma cajin naira 50 a kowane minti ko da mutum daƙiƙa biyar ya yi yana magana, har sai da Globacom na Mike Adenuga ya shigo kasuwa a 2003 da tsarin caji a kan daƙiƙa, wanda ya tilasta wa sauran kamfanoni bin sahu. Econet ya sauya hannu da suna sau da dama, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, kafin ya zama Airtel a 2010. Etisalat kuma, wanda ya fara aiki a 2008, ya koma 9mobile a 2017 bayan rikicin bashin da wasu bankuna suke bin sa.

A yau MTN yana riƙe da kimanin rabin layukan da ke aiki, Airtel yana da kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran kuma suna hannun kamfanoni biyun da suka rage. Wannan rabo yana da muhimmanci ga mai zaɓe, sai dai ba ta fuskar da aka fi ɗauka ba, domin yawan masu hulɗa yana ba kamfani kuɗin kafa turaku a wurare masu nisa, amma kuma shi ne yake jawo cunkoso a kan turken da ke tsakiyar gari. Girman kamfani alama ce ta faɗin inda ya kai, amma bai isa hujja a kan ingancin abin da mutum zai samu a ɗakinsa ba.

Ma'anar sabis da abubuwan da suke ƙayyade shi

Waya tana magana ne da turken sadarwa mafi kusa da ita, wanda jama'a suke kira ƙarfen sabis, ta hanyar igiyar rediyo. Shi kuma turken yana miƙa maganar zuwa cibiyar kamfani ta wayar fayiba, wato siririyar wayar gilashi da ake binnewa a gefen titi wadda take ɗaukar saƙo da haske, ko kuma ta faifan eriya da yake kallon wani turke daga nesa. 'Yan sandunan da suke bayyana a saman fuskar waya suna auna kashin farko ne kawai na wannan tafiya, wato ƙarfin siginar da take isowa daga turke, kuma ba su faɗin komai game da yawan mutanen da suke rububin turken a wannan lokaci ko lafiyar wayar da ta haɗa shi da cibiya. Wannan ne ya sa mai shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano yake iya ganin sanduna cike da tsakar rana amma kira ya ƙi shiga, tiransifa ta maƙale, alhali da asuba a wuri ɗaya komai yana tafiya daidai. Don haka wajibi ne a rarrabe tsakanin isowar sabis, wadda ita ce matsalar ƙauye, da wadatar sabis, wadda ita ce matsalar birni da kasuwa da ranakun salla.

Abu na biyu shi ne zangon da kamfani yake watsa siginarsa a kai, wanda ake aunawa da megahaz. Ƙa'idar kimiyya a nan ita ce, zango mai ƙaramar lamba, kamar 700 ko 800 ko 900, yana cin nisa kuma yana ratsa bango, yayin da zango mai babbar lamba, kamar 1800 ko 2100 ko 2600, yake ɗaukar bayanai masu yawa amma ba ya nisa, kuma katanga mai kauri ko rufin kwano suna raunana shi. Darajar ƙananan zanguna ce ta sa MTN ya sayi kamfanin Visafone a farkon 2016, domin zangon 800 da yake hannunsa, kuma a kan zangon 700 ne Globacom ya kafa wani kaso na sabis ɗinsa na 4G. Ga mazaunin tsohon gari, inda gidajen ƙasa masu kaurin bango suke manne da juna kuma lunguna suke da matsi, ko ga mazaunin rugar da take da nisan kilomita goma daga turke, wannan bambanci shi ne yake raba wanda zai amsa kira yana kwance a ɗaki da wanda sai ya fito tsakar gida ko ya hau tudu.

Daga nan ne kuma laifin da ake ɗora wa kamfani yake komawa kan wayar kanta a wasu lokuta. Ba kowace waya ce take kama kowane zango ba, musamman wayoyin hannu-biyu da aka ƙera don kasuwannin Amurka ko wasu ƙasashen Asiya, waɗanda ake samu da araha a kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano. Mutum biyu suna iya zama a kan tabarma ɗaya da layin kamfani ɗaya, ɗaya yana kallon bidiyo, ɗaya kuma saƙon rubutu ma ya ƙi fita, kuma dalilin bai wuce cewa wayar na biyun ba ta san zangon da turken unguwar yake amfani da shi ba. Mai sayen waya da zai tambayi mai shago irin zangunan 4G da take kamawa kafin ya biya kuɗi, da ya tsare kansa daga ɓacin ran da sauya layi ba zai magance ba.

Haruffan 2G da 3G da 4G da 5G suna nuni ne ga zubin fasahar da ake amfani da ita, daga tsohuwa zuwa sabuwa. Tallace-tallace sun fi karkata ga 5G tun bayan gwanjon watan Disamba na 2021, inda MTN da wani kamfani mai suna Mafab suka sayi lasisi a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, kafin Airtel ya bi baya. Amma wannan fasaha tana aiki ne a kan zangon 3500, wanda ba ya nisa, kuma har yanzu ta taƙaita ga wasu unguwanni na manyan birane, ga kuma tsadar wayoyin da suke kama ta. A ra'ayin wannan takarda, ga mafi yawan mazauna Arewa tambayar 5G ba ta taso ba tukuna. Abin da ya fi shafar rayuwarsu shi ne lafiyar tsohuwar 2G, wadda ƙananan wayoyi suke dogara da ita, kuma a kanta ne lambobin banki masu farawa da tauraro su ƙare da alamar tsani suke gudana, sai kuma 4G mai ɗorewa ga masu babbar waya.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hukuncin. A shimfiɗaɗɗen fili irin na Jigawa da arewacin Kano turke ɗaya yana iya wadatar da ƙauyuka da dama, amma a tsaunukan Filato, ko tuddan Mambila, ko duwatsun Gwoza, gari yana iya kasancewa kusa da turke amma dutse ya tare shi. Taswirar da kamfani yake wallafawa don nuna inda sabis ɗinsa ya kai galibi lissafin na'ura ce da aka gina a kan tsawon turke da ƙarfinsa, kuma tana kwatanta abin da za a samu a sarari, ba a cikin ɗaki ba. Shaidar da ta fi ta ƙarfi ita ce ta mutanen wurin: maƙwabci, da mai cajin waya, da mai POS wanda cinikinsa na yini yake rataye a kan sabis, da kuma direbobin tasha, waɗanda suka san daidai inda kowane layi yake ɗaukewa da inda yake dawowa a kan hanyar da suke bi kullum. Wanda zai ari layi ya gwada shi na 'yan kwanaki a gida da wurin aiki, da safe da kuma bayan magariba lokacin da cunkoso yake ƙaruwa, ya yi binciken da ya fi duk wani talla amfani.

Abubuwan da suke katse sabis

Akwai wata hakika da masu hulɗa da yawa ba su sani ba, wato cewa galibin turakun da ake gani ba mallakar kamfanonin waya ba ne a yanzu. Tun wajajen 2014 manyan kamfanonin suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin da sana'arsu ita ce kula da turaku, irin su IHS da American Tower, suka koma biyan haya, kuma sau da yawa kamfani biyu ko uku suna rataye eriyoyinsu a kan ƙarfe ɗaya. Amfanin wannan tsari shi ne rage kuɗin gini, amma illarsa ga mai zaɓe ita ce, idan janaretan wannan turke ya tsaya, ko aka sace baturansa, duk layukan da suke kansa suna ɗaukewa tare, kuma riƙe layi biyu ba ya tsinana komai a wannan rana.

Wutar lantarki ita ce babbar masifar wannan harka. Saboda rashin tabbas na wutar gwamnati, mafi yawan turaku suna aiki ne da man dizal, wasu kuma da haɗin sola da batura, kuma kai mai zuwa turken da ke cikin daji a lokacin damina, ko a yankin da 'yan bindiga suke tare hanya, aiki ne mai tsada da haɗari. Faɗuwar darajar naira bayan watan Yuni na 2023 ta ninka kuɗin kayan aikin da ake shigowa da su daga waje, kuma wannan ne hujjar da kamfanoni suka kafa har NCC ta amince musu da ƙarin farashi da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba a watan Janairu na 2025, bayan sun nemi kashi ɗari. Hukumar ta ɗaura wannan ƙari a kan sharaɗin inganta aiki, kuma haƙƙin mai hulɗa ne ya riƙe ta da kamfanonin a kan wannan alkawari, tun da daga aljihunsa kuɗin suke fita.

Yankewar wayar fayiba ita ce sababi na biyu, kuma masu aikin titi da masu haƙar magudanar ruwa da ɓarayi ne suka fi jawo ta. Arewa tana da rauni na musamman a nan, domin wayoyin ƙarƙashin teku da suke haɗa ƙasar da duniya suna sauka ne a gaɓar teku, galibi a Legas, kuma sai bayanai sun yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin su iso Kano, balle Maiduguri ko Sakkwato. Kamfanin da yake da hanya fiye da ɗaya zuwa gari yana iya karkatar da zirga-zirgarsa idan ɗaya ta yanke, wanda kuwa yake da hanya ɗaya tilo sai ya jira masu gyara. An ga misalin wannan a babban mataki ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da ayyukan bankuna suka tabarbare a ƙasashe da dama, yayin da masu dogara da wayar Glo-1 ta Globacom, wadda abin bai shafa ba, suka ci gaba da aiki. A wannan shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da doka take ba kariya ta musamman.

Sababi na uku ya keɓanta da yankunan da suke fama da rashin tsaro. A watan Satumba na 2012 mayaƙan Boko Haram sun ƙona turaku da dama a Arewa maso Gabas da wasu biranen Arewa, a 2013 kuma hukumomi suka rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci. An maimaita irin wannan mataki a watan Satumba na 2021 a jihar Zamfara baki ɗaya, daga bisani a wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko mene ne hukuncin da masana tsaro za su yanke a kan amfanin matakin, abin da ya tabbata shi ne talakan da ba shi da laifi ya rasa hanyar kiran taimako da ta karɓar kuɗi daga 'ya'yansa da ke birni, kuma a irin wannan hali babu wani zaɓen layi da zai cece shi.

Kula da mai hulɗa

Ingancin kulawa ba ya bayyana a ranar da ake sayen layi, domin a ranar kowane wakili fara'a yake yi. Yana bayyana ne a ranar da waya ta ɓata, ko aka rufe layi, ko kati ya zurare ba tare da an yi kira ba. Daga cikin waɗannan, ɓatan layi ne ya fi tsanani, saboda asusun banki yana rataye da shi, kuma ɓarawon da ya sami sim yana iya kwashe kuɗin mai shi kafin gari ya waye. Dawo da layin da ya ɓata, abin da jama'a suke kira walkam-bak, yana buƙatar mutum ya je da kansa a tantance shi da lambar NIN da hoton yatsa ko na fuska. Saboda haka tambayar da ta kamaci mazaunin ƙauye ya yi kafin ya karɓi layi ita ce, ina ne ofis ko wakili mafi kusa da yake da ikon yin wannan aiki, kuma nawa ne kuɗin motar zuwa can. Ga matar aure da ba ta fita sai da uzuri, ko tsohon da tafiya take yi wa wuya, nisan ofis yana iya zama dalilin rasa lambar da aka san su da ita shekara da shekaru. Irin wannan ne ma ya sa yin rajistar layi da sunan wani, ko sayen layi mai rajista a bakin titi, yake zama tarko, domin ranar da matsala ta zo kamfani ba ya sauraron kowa sai wanda sunansa yake cikin rajista. Tsananin da hukuma take ɗaukar batun rajista da shi ya fito a watan Oktoba na 2015, lokacin da ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda rashin rufe layuka sama da miliyan biyar marasa cikakkiyar rajista, tarar da aka sasanta a kan naira biliyan 330 a 2016.

Harshe shi ne ma'auni na biyu, kuma ba a ba shi haƙƙinsa a nazarce-nazarcen da ake yi a kan wannan fanni. Manyan kamfanoni sun tanadi zaɓin Hausa a layin kula da masu hulɗa, amma samuwar zaɓi daban, saurin samun ma'aikacin da zai saurari ƙorafi ya fahimce shi da Hausa daban. Sharuɗɗan garaɓasa da saƙonnin da suke neman amincewar mutum kafin a ɗora masa wata hidima ta kuɗi galibi da Turanci suke zuwa, kuma wanda karatunsa na allo ne da ajami yana iya danna amincewa ba tare da ya san abin da ya amince da shi ba, daga nan a riƙa cirar masa kuɗi kullum a kan waƙar kira ko labaran ƙwallo da bai nema ba. Wannan takarda tana ganin cewa amincewar da aka karɓa cikin harshen da mutum ba ya ji ba amincewa ba ce, kuma ya kamata hukuma ta ɗauke ta a haka.

Akwai kayan kariya da doka ta tanada, sai dai saninsu bai yaɗu ba. Tun 2023 an daidaita gajerun lambobi a duk kamfanoni, ta yadda 300 take kai mutum ga masu kula da hulɗa a kowane layi, *310# take nuna ragowar kati, *323# take nuna ragowar data, 305 kuma take dakatar da hidimomin da ake cirar kuɗi a kansu. Tura kalmar STOP zuwa 2442 yana toshe saƙonnin talla. Idan mutum ya kai ƙara ga kamfani, ya kamata ya karɓi lambar ƙorafin ya adana, domin idan ba a warware masa ba yana da damar kiran NCC kyauta a kan 622, kuma wannan lambar ce za a fara tambayarsa. Hukumar tana da ma'aunan inganci da take bin kamfanoni da su, kamar yawan kiran da yake shiga da yawan wanda yake yankewa ana tsakar magana, kuma ta taɓa cin kamfanoni huɗu tarar naira biliyan 1.17 a 2012 saboda gazawa a kansu, sannan a 2014 ta ci uku daga cikinsu tara tare da hana su sayar da sababbin layuka na tsawon wata guda. Raunin irin wannan awo shi ne, idan aka tattara alƙaluman ƙasa ko na jiha wuri ɗaya, kyawun sabis a babban birni yana rufe munin na ƙaramar hukumar da ke nesa. Kuɗin waɗancan tarar kuma baitulmali suka shiga, ba hannun wanda kiransa ya yanke ba.

Game da farashi, abin lura kaɗan ne amma yana da nauyi: garaɓasar da ake ninka wa mutum kati da ita yawanci ana cinye ta a kan farashi mafi tsada fiye da na asalin kati, kuma tana da gajeren wa'adi, ita kuma data mai araha a layin da ba ya kamawa a gidan mutum kuɗi ne da aka zubar.

Sauya kamfani da riƙe layi biyu

Ranar 22 ga Afrilu 2013 aka ƙaddamar da tsarin da ya ba mutum damar komawa wani kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Mai son sauyawa yana zuwa ofishin kamfanin da yake son komawa da shaidarsa, ya cike takarda, ya tura kalmar PORT zuwa 3232, sannan a ba shi sabon sim mai ɗauke da tsohuwar lambarsa. Ragowar kati da data na tsohon kamfani ba sa bin sa, kuma akwai wa'adin da sai ya cika kafin ya sake sauyawa, wanda a farkon tsarin kwana 90 ne. Tun daga lokacin, lambobin farko irin su 0803 ko 0802 ko 0805 sun daina zama tabbacin kamfanin da layi yake kai. A ƙa'ida wannan ne makami mafi kaifi a hannun mai hulɗa, domin kamfani ya fi jin tsoron tafiyar mai biya fiye da ƙorafinsa, amma waɗanda suka yi amfani da shi kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan layuka. Jama'a sun zaɓi wata hanyar da ta fi sauƙi, wato waya mai sim biyu, wadda kamfanoni irin su Tecno da Itel suka cika kasuwa da ita. Dabarar tana da hikima, da sharaɗin a zaɓi layukan biyu don su cike giɓin juna, ɗaya mai ƙarfi a gida, ɗaya mai ƙarfi a hanya ko a garin iyaye, sannan a riƙa motsa kowannensu, domin layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani, wanda kuma zai iya fara karɓar saƙonnin bankin mai shi na farko.

Mazauna kan iyaka da waɗanda ba su da zaɓi

A garuruwan kan iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari da Kongolam, inda 'yan uwa da abokan ciniki suke a Maraɗi da Birnin Ƙonni da Damagaram, lissafin yana da wani salo. Sigina ba ta san shingen kwastan ba, don haka wayar da aka bari ta zaɓi netwok da kanta tana iya kama turken Nijar alhali mai ita yana cikin Nijeriya, a caje shi kuɗin wanda ya yi tafiya ƙasar waje. Maganin wannan shi ne a saita wayar ta tsaya a kan kamfani ɗaya, kuma shi ya sa fatake da yawa suke riƙe da layin Nijeriya ɗaya da na Nijar ɗaya, daga kamfanoni irin su Airtel na Nijar, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da tsarin sauƙaƙa kuɗin kira tsakanin ƙasashenta tun 2017, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025 ta mayar da batun hannun yarjejeniya tsakanin hukumomin sadarwar ƙasashen biyu.

Duk abin da ya gabata ya ginu ne a kan zaton cewa mutum yana da kamfani fiye da ɗaya a gabansa. A ƙauyuka da rugage masu yawa kamfani ɗaya ne kawai yake kamawa, a wasu kuma babu ko ɗaya, sai mutane su san wata bishiya ko wani tudu da ake zuwa neman sabis. Kamfani mai neman riba ba zai kafa turke a inda kuɗin dizal ya fi abin da zai tara ba, kuma don cike wannan giɓi ne Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, wanda ake ciyar da shi daga kuɗin da kamfanoni suke biyan hukuma, domin tallafa wa kai sadarwa inda kasuwa ba za ta kai da kanta ba. Gwamnatocin jihohi ma suna da hannu, ta hanyar kuɗin da suke karɓa kafin a binne fayiba a gefen titunansu, wanda aka amince tun 2013 kada ya wuce naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka riƙa karɓar ninkinsa, yayin da Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Hanya ta uku ita ce a ba layin wani kamfani damar hawa turken wani a inda nasa bai kai ba, tsarin da NCC ta amince da shi tsakanin MTN da 9mobile a 2025. Idan aka faɗaɗa wannan tsari ga ƙauyukan da turke ɗaya tak yake yi wa hidima, malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibitin da aka tura aiki can ba za su buƙaci sayen sabon layi ba, kuma mazaunin ƙauyen zai iya sauya kamfani idan an ƙi sauraron ƙorafinsa ba tare da sabis ya ɗauke masa ba.